Babi na Shida: Daga Motar Langa-langa zuwa Motar Rimot

Duk wanda ya tashi a Kinkinau ta Kaduna, ko a maƙwabtanta irin su Unguwar Mu'azu da Tudun Wada, ya san motar langa-langa. Gwangwanin madara ne bodi, tsohon silifa ake yankawa a fitar da tayoyi, sai doguwar sanda ko waya mai kauri da yaro zai riƙe ya riƙa turawa yana kukan inji da bakinsa. Wanda ya fi wayo a cikin yaran shi ne yake ɓalle ɗan dainamo daga mataccen rediyo mai kaset, ya ɗaura masa batir biyu da kyauron roba, motar ta tafi da kanta. Tana tafiya kam, amma ba ta jin kira. Inda ta sa gaba nan za ta nufa, har sai ta daki bango ko ta faɗa kwata.

Tsakanin wannan mota da motar tsere ta rimot akwai tazara, sai dai tazarar ba ta hannu ba ce. Hannun da ya iya lanƙwasa langa-langa ya fitar da sitiyari mai juyawa zai iya ɗaure noti. Abin da ya rage shi ne sanin hanyar da wuta take bi a cikin motar: daga ina ta taso, wa ya fara karɓarta, wa yake ba da umarni, wa yake bi. Wanda ya gane wannan ya gama rabin aiki, wanda kuwa ya tsallake shi zai iya ƙona kayan kuɗi masu yawa cikin daƙiƙa ɗaya.

Sarrafa abu daga nesa da igiyar rediyo tsohon zance ne. A shekarar 1898 Nikola Tesla ya nuna wa jama'a a birnin New York wani ɗan kwalekwale da yake juya shi a ruwa ba tare da ya taɓa shi ba. Motocin tsere na kan turɓaya kuwa sun bazu ne daga ƙarshen shekarun 1970. Kamfanin Tamiya na Japan ya fitar da Rough Rider a 1979, ya biyo da Grasshopper a 1984, mota mai sauƙin kuɗi da ta shigar da yara masu ɗimbin yawa harkar. A 1984 ɗin ne kuma kamfanin Team Associated na Amurka ya fitar da RC10, wadda aka yi ta musamman domin gasa. Ƙungiyar IFMAR, wadda aka kafa a 1979, ita ce take shirya gasar duniya, kuma direban Japan Masami Hirosaka ya ci kambunta sau 14. Manya ne masu iyali suke wannan wasa, suna auna tsayin mota daga ƙasa da milimita.

Motar da ake magana a kanta kashi ɗaya ce cikin goma na girman motar gaske. Tsawonta wajen santimita 40, nauyinta wajen kilo ɗaya da rabi. Tayoyinta a waje suke, tana da shokozoba huɗu masu mai a ciki, an kuma yi ta ne domin gargada da tsalle. A wannan fuskar, layukan unguwa da ba su ga kwalta ba da filayen ƙwallo na jar ƙasa sun fi mata titin mota daɗi.

A ce wani matashi a Kinkinau ya samu irin wannan mota, ko sabuwa a kwali ko ta gwanjo wadda aka kwance mata wayoyi. Idan ya ɗage bodin, abubuwa biyar zai tarar. Akwai batir. Akwai dainamon da yake juya tayoyi. Akwai wani ɗan akwati mai wayoyi masu kauri da ake kira ESC, wanda shi ne totur da birkin motar, domin shi yake auna yawan wutar da za ta isa dainamo. Akwai sarbo, ɗan inji mai hannu ɗaya wanda yake karkata tayoyin gaba dama ko hagu. Sai rasiba, wadda take sauraron rimot ɗin da ke hannun direba ta isar da saƙo.

Wuta kala biyu ce take yawo a tsakaninsu, kuma raba su a tunani shi ne mabuɗin aikin. Ta farko wuta ce mai ƙarfi, daga batir zuwa ESC, daga ESC zuwa dainamo. A lokacin tashi daga tsaye tana iya kai amfiya 30 ko 40 ko fiye, shi ya sa wayoyinta suke da kauri kamar tsinken tsire, an kuma lulluɓe su da roba mai laushi wadda ba ta narkewa da wuri. Ta biyu wuta ce 'yar kaɗan, ta umarni, wadda take bin siraran wayoyi uku-uku da aka manne wuri ɗaya. Rasiba da sarbo ba su da batir nasu. ESC ne yake rage wutar babban batir zuwa bolt 5 ko 6 ya tura musu ta wannan siririyar waya. Sabon shiga yakan ɓata lokaci yana neman inda zai haɗa wa rasiba batir, alhali abincinta yana zuwa mata ta wayar da ya riga ya soka.

Wayoyin nan uku kowace da aikinta. Baƙa ko ruwan ƙasa ita ce ta koma-baya, ja tana tsakiya tana ɗauke da wuta, fara ko ruwan lemo ita ce ta saƙo. An sa ja a tsakiya da gangan, domin ko mutum ya juya filogin ya soka a baibai, galibi abin da zai faru shi ne motar ta ƙi amsawa, ba ta ƙone ba. Sarbo yana shiga rami na ɗaya a jikin rasiba, ESC yana shiga na biyu. Idan aka musanya su, direba zai murza sitiyari motar ta zabura, ya ja totur tayoyin gaba su karkata.

Saƙon da yake bin farar wayar yana da ban sha'awa, ga shi kuma da sauƙin fahimta. Rasiba tana aika ɗan bugun wuta wajen sau 50 a kowace daƙiƙa, tsawon bugun shi ne maganar. Idan ya ɗauki kashi ɗaya da rabi cikin dubu na daƙiƙa, ma'anarsa a tsaya a tsakiya. Idan ya gajarce zuwa kashi ɗaya, a karkata gefe guda har ƙarshe. Idan ya kai kashi biyu, a karkata ɗaya gefen. Da wannan harshe ɗaya ake yi wa sarbo da ESC magana, shi ya sa sarbon wani kamfani yakan yi aiki da rasibar wani.

Inda babu gafara shi ne wajen manyan wayoyi biyu na batir. Ja zuwa ja, baƙa zuwa baƙa. Wanda ya juya su, ko da na ƙiftawar ido ne, ESC ya tafi, sai ɗan hayaƙi da ƙaurin da kowane mai gyaran rediyo ya sani. Mai rewayar mota a gareji yana da fis da yake kare shi daga kuskure, amma yawancin waɗannan motoci ba su da fis ko ɗaya. Don haka kafin a soka batir a karo na farko, a ɗora mita a kan filogin a ga wane ɓangare ne yake ba da wuta, musamman idan filogin ba daga kamfani ya zo a haɗe ba, wani ne ya liƙa shi. Launin waya yana iya yin ƙarya idan wanda ya yi aikin farko ya yi amfani da abin da ya samu a hannu.

Filogin kansa abin dubawa ne. Tsohon farin filogin Tamiya, wanda yake zuwa da motocin gwanjo da yawa, yana saki idan ya tsufa, ya yi zafi, wani lokaci har robarsa ta narke. Masu harkar sun koma kan Deans mai kamar harafin T, ko XT60 mai launin rawaya, wanda yanzu ake gani a jikin wasu kayan sola. Canza shi aikin dalma ne, kuma a nan ne matashin Kinkinau yake da gata, domin masu gyaran waya da rediyo ba su da nisa da shi. Sai dai ƙarfen da ake liƙa ƙananan ƙafafun cikin wayar hannu ya yi wa wannan aiki ƙanƙanta. Waya mai kauri tana shanye zafi, saboda haka ana son ƙarfe mai faɗin baki, na wat 60 ko sama. Dalmar da aka saba da ita tana narkewa ne a wajen digiri 185, amma ƙa'idar ita ce a zafafa wayar da filogin har su da kansu su narkar da ita ta shige tsakanin silin. Liƙin da ya yi kyau yana sheƙi, ya kwanta sumul. Wanda ya fito da ƙuraje, ya yi duhu-duhu, ɗorawa kawai aka yi, kuma tsalle na uku ko na huɗu zai ɓalle shi. Idan filogin batir ake canzawa, waya ɗaya ake yankewa, a liƙa, a rufe, sannan a taɓa ta biyun. Almakashin da ya datse su tare ya haɗa wutar ke nan.

Dainamo iri biyu ne. Mai gawayi, ɗan'uwan wanda yara suke cirowa daga rediyo, waya biyu gare shi, idan ya juya baya sai a musanya su. Marar gawayi yana da waya uku, ya fi gudu, ya fi daɗewa, kuma ƙura ba ta cinye shi da sauri saboda babu abin da yake goga a ciki ban da boris. Idan irin wanda ba shi da ƙaramar wayar sansa ne, ana musanya kowace biyu daga cikin ukun domin a juya tafiyarsa. Mai sansa kuwa dole waya mai alamar A ta tafi A, B ta tafi B, C ta tafi C, a gyara juyin daga saitin ESC.

Batir shi ne wurin da ya kamata a daɗe. Na da, mai ƙwaya shida, yana ba da bolt 7.2, yana da nauyi amma yana da haƙuri. Na yanzu, LiPo, ƙwaya biyu ne masu bolt 3.7 kowace, jimilla 7.4. Ba shi da nauyi, yana da ƙarfi, ba ya kuma yafe wulaƙanci. Kowace ƙwaya ba a cika ta ta wuce 4.2, ba a zuƙe ta ta faɗi ƙasa da 3.0, idan kuma za a ajiye ta kwanaki ana barin ta a wajen 3.8. Cajarsa daban ce, mai lura da kowace ƙwaya ita kaɗai ta wata ƙaramar waya. Batirin da ya kumbura ya gama aiki, ba a huda shi, ba a danne shi da nufin ya koma daidai. Wutar LiPo idan ta tashi tana da wuyar kashewa, a gidan da ɗaki ɗaya yake ɗauke da katifa da labule da kayan sawa kuwa wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Wurin caji shi ne kan siminti a tsakar gida, a inuwa, batirin yana cikin tukunyar ƙasa ko kusa da bokitin yashi, mutum kuma yana zaune a wurin. Al'adar nan ta soka caji da dare saboda lokacin ne aka kawo wuta, a je a kwanta, ba ta dace da wannan batir ba ko kaɗan.

Lissafin daɗewarsa ba wuya. Batir mai lamba 5000 a jiki yana iya ba da amfiya 5 na tsawon awa ɗaya. Idan motar tana jan amfiya 20 a matsakaici, minti 15 ke nan. A gasar duniya ta wannan aji, zagayen tsere minti 5 ne kacal.

Da yake LiPo yana da tsada, dabarar da take fara zuwa wa mutum ita ce ya fasa tsohon batirin kwamfutar cinya ya ciro ƙwayoyin nan masu kama da babban batirin tocila, waɗanda ake kira 18650 saboda faɗinsu milimita 18 ne, tsawonsu 65. Dabara ce mai kyau ga fitila ko fanka. Ga motar tsere kuwa akwai matsala: an yi ƙwayoyin kwamfuta ne su riƙa ba da wuta kaɗan-kaɗan na tsawon lokaci. Idan dainamo ya nemi amfiya 30 a take, sai ƙarfinsu ya faɗi, su ɗau zafi, rasiba ta ɗauke na ɗan lokaci, motar ta yi gaban kanta. Ƙwayoyin da suke cikin batirin injin huda bango, masu iya ba da amfiya 20 ko fiye, su ne suka fi kusa da abin da ake so.

A nan ne Panteka take shigowa. Tsohuwar kasuwar Panteka, kusa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna a Tudun Wada, wuri ne da ake narka alminiyam a zuba tukunya, a yanka ƙarfe, a yi walda, a ƙera abin da aka ce sai an yi odarsa daga waje. Kwalejin, wadda ta faro a 1956, ta haɗa hannu da masu sana'ar kasuwar a zamanin shugabancin Farfesa Idris Bugaje domin a ba ƙwarewarsu takardar shaida. Garin da kamfanin Peugeot ya fara harhaɗa motoci a cikinsa a 1975, a Kakuri, bai rasa masu hannu ba. Farantin ƙasan mota idan ya tsage, ko sandar da take riƙe shokozoba, ko garkuwar gaba, duk ana iya fitar da su daga falanken alminiyam idan aka kai tsohon a matsayin samfuri. Abin da Panteka ba za ta ƙera ba shi ne rasiba da ESC da sarbo. Mai hankali yakan zuba kuɗinsa a kan waɗannan ukun da batir, ya bar sauran ga maƙera.

Bayan haɗi sai saiti, kuma ana yinsa ne tayoyi suna sama, an ɗora motar a kan bulo ko gwangwani. Rimot ake fara kunnawa, sannan mota. Wajen kashewa, mota ce farko. Dalili shi ne kada rasiba ta zauna a kunne babu mai yi mata magana. A zamanin rimot mai megahaz 27, wanda ake canza masa ɗan kiristal, mutum biyu a kan lamba ɗaya sukan ƙwace wa juna mota, shi ya sa ake ɗaura ƙyalle mai launi a kan eriya domin kowa ya san lambar ɗan'uwansa. Rimot mai gigahaz 2.4, wanda ya bazu daga tsakiyar shekarun 2000, ya kawar da wannan, domin ana ɗaura kowace rasiba da rimot ɗinta ne tun farko, ba ta kuma sauraron wani. Eriyarta gajera ce, kuma ɗan tsiraicin da ke ƙarshenta, wajen santimita 3, shi ne eriyar gaske. Ba a yanke shi, ba a naɗe shi a jikin manyan wayoyi, ana tsayar da shi sama a cikin ɗan bututu.

Daga nan a koya wa ESC iyakar totur: ina ne tsakiya, ina ne ƙarshen gudu, ina ne ƙarshen birki. A kunna sarbo ya tsaya a tsakiyarsa kafin a ɗaura masa hannu, in ba haka ba motar za ta fi karkata gefe ɗaya. A rage iyakar juyawarsa daga rimot har ya daina gurnani idan tayoyi sun kai maƙura, domin wannan gurnanin haƙoransa ne suke cin kansu. Sai gwajin da bai kamata a tsallake ba: a ja totur kaɗan tayoyi suna juyawa a sama, a kashe rimot. Idan tayoyin suka tsaya, an saita kariya daidai. Idan suka ci gaba, motar ba ta isa sauka ƙasa ba. Motar da take gudun kilomita 40 a awa tana cin mita 11 a daƙiƙa guda, a layin da yara suke wasa, awaki suke yawo, Keke Napep yake ɓullowa daga kwana.

Haƙoran giya biyu, ƙaramin da ke kan dainamo da babban da yake juyawa, ana saita tsakaninsu da 'yar takarda. A sa tsinken takardar littafi a tsakani, a matse su, a ɗaure noti, a zare takardar. Ɗan sararin da ta bari shi ne daidai. A ce babban yana da haƙora 81, ƙaramin 27, dainamo zai juya sau uku kafin babban ya juya sau ɗaya. Ƙara wa ƙaramin haƙora yana ƙara gudu, yana kuma ƙara zafi. Takardar da ta zo da motar an rubuta ta ne a ƙasashen da ba su san zafin watan Maris da Afrilu na Kaduna ba, don haka a bazara gara a rage haƙori biyu ko uku. Bayan minti biyar na gudu a ɗora yatsa a kan dainamo. Idan ba a iya barinsa daƙiƙa uku ba, ya yi zafi da yawa.

Hunturu kuma da tasa matsalar. Ƙurar Disamba da Janairu laushi gare ta kamar garin tuwo, tana shiga boris, ta haɗu da mai ta zama abin goge ƙarfe. Yawan zuba mai a waje yana ƙara janyo ta. Wasu sukan yanka tsohuwar safa su lulluɓe ƙasan motar daga ciki, iska ta wuce, tsakuwa ta tsaya. Rasiba kuwa a kan soso mai gam biyu ake zaunar da ita, ba a kan farantin kai tsaye ba, saboda girgiza, wayoyin kuma a tattara su a ɗaure nesa da giya da sandar sitiyari. Da damina, idan jar ƙasa ta jiƙe ta ɗan bushe, tayoyi sun fi kamawa, ƙura ta kwanta, lokacin ne filin ya fi daɗin tsere, muddin an kauce wa kududdufi.

Idan la'asar ta yi sanyi aka tashi daga fili, aikin bai ƙare ba. A zare filogin batir tun a wurin, domin ESC yana ci gaba da shan wuta kaɗan-kaɗan ko an kashe makunni, kuma kwana biyu a haka sun isa su kashe LiPo. A gida a kakkaɓe ƙura da busasshen buroshin fenti, a juya kowace taya da hannu a saurari boris, a bi manyan wayoyi da yatsa a ji ko akwai inda roba ta goge. Sannan a ɗora batirin a caja a mayar da kowace ƙwaya 3.8, a sa shi a tukunyarsa, a tura ta lungun da rana ba ta kaiwa.